Sunan da Adda Ba Ta Kira

A Tambuwal in ka ce kana neman gidan Dakta Hamdiya Maccido, sai an ɗan yi jim ana tunani. Amma ka ce gidan malamar nan mai sauraren gwarancin yara, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo garin jiya zai sauke ka a ƙofar gidan. Dakta ce ta karatu, ba ta allura ba, kuma abin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai shi ne yadda magana take tsirowa a bakin yaro, tun daga kukan jariri har ranar da zai buɗe baki ya kira uwarsa. Da yawa suna ganin wannan aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ita kuwa tana da dalilinta, ko da yake ba ta cika faɗa ba. Har ta haura shekara arba'in a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, kuma babu abin da take so ta ji kamarsa.

A Kebbe aka haife ta, ita ce 'yar fari wajen Maccido da matarsa Safiyyatu. Gidansu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. A irin wannan gida uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai wata ta ɗauke shi, ita ta kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, alkunya ce. To amma Safiyyatu ta riƙe abin fiye da sa'o'inta, har tsofaffin unguwa suna ba da misali da ita in za su yi wa wata faɗa. Ita ma Hamdiya ba a koya mata ta ce Inna ba, Adda take cewa, kamar yayarta ce.

Da aka yaye ta, sai aka kai ta Tambuwal wajen Ummu, uwar Maccido, kamar yadda aka saba yi wa 'yan fari. Tun daga nan Safiyyatu ta samo hanyar ambatonta ba tare da ta taɓa sunan ba: ta Tambuwal. A kai wa ta Tambuwal zanen salla. Ta Tambuwal ta warke daga ƙyanda? Iyakarta ke nan.

Yarinyar ta yi jinkirin magana ƙwarai. Sa'o'inta suna ta surutu har da rashin kunya, ita sai ido da nuni da yatsa. Maƙwabta suka fara raɗa cewa bebiya ce, wasu suka ce a kira wanzami ya duba ko linzami ne ya ɗaure harshen. Ummu ta kore su da muciya a hannu.

"Ku bar mani jikata," in ji ta. "Wagga ba bebiya ta ba. Tana ji sarai, ku dubi idonta."

Ummu mace ce da bakinta ba ya hutawa. Tana yi wa akuya faɗa, tana yi wa tukunya ƙorafi in ta ƙi tafasa, tana ba kaji labarin rowar surukanta. A cikin wannan ruwan magana Hamdiya ta tashi, kuma wata rana da hantsi, akuya ta sa baki a ƙwaryar gero, yarinyar ta daka mata tsawa da irin kalmar da Ummu take yi mata. Ba kalmar kirki ba ce, amma Ummu ta yi sadakar waina a kanta.

Daga nan baki ya buɗe, karatu ma ya buɗe. Firamare, sakandaren 'yan mata, har jami'a a Sakkwato, inda ta karanci kimiyyar harshe. A aji uku aka koyar da su yadda yara suke koyon magana, sai ta lura duk yaran da ke cikin littattafan 'ya'yan wasu ƙasashe ne masu nisa, waɗanda uwayensu ke zama da su ido cikin ido suna kiran sunansu daga safe zuwa yamma. Ta ɗaga hannu ta tambayi malamin, yaron da uwarsa ba ta kiran sunansa fa, ta ina nasa bakin yake buɗewa? Malamin ya ce shi dai bai san wanda ya taɓa zama ya saurara ba, in tana so ta je ta saurara. Da zolaya ya faɗa, ita kuwa ta ɗauka da gaske.

Haka ta yi digiri na biyu, ta yi na digirgir, ta zama malama a sashen, duk a kan magana ɗaya. Ranar da ba ta da aji za ka gan ta a bayan babur, jaka a kafaɗa, 'yar rikoda a ciki, ta nufi ƙauyen Jabo. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da turmi, ta zauna tana sauraren yaron da bai iya komai ba sai ba-ba-ba da dalalar da yawu. Matan Jabo sun sha dariya.

"Malama, mi kika so da gwarancin yara?" wata ta tambaye ta. "Ai wanga ba magana ta ba. Bari shi girma, sai ki dawo shi ba ki labari."

Ta ce musu ai girman ne take so ta gani da kunnenta. Suka ƙara fashewa da dariya, suka dama mata fura.

Ta sha wuya kuma. Akwai shekarar da ta zaɓi yara a wata ruga kusa da Fakku, ta bi su tun suna rarrafe, ana gab da su fara haɗa kalma biyu sai ta iso ta tarar da kufai da kashin shanu. Mutanen sun tashi, sun tafi da bincikenta goye a baya. Ta tsaya a wurin ta yi ta dariya ita kaɗai, don kuka ba zai dawo da su ba. Da kaka suka dawo, yaran suna magana tiryan-tiryan da harshe biyu, ba wanda ya jira ta.

Doka ɗaya take da ita wadda ba ta taɓa karyawa: ba ta kunna rikoda sai da yardar mai magana. Sai ta nemi izinin maigida, ta nemi na uwar yaro, ta bayyana musu wanda zai ji da wanda ba zai ji ba. Wata mata ta taɓa aiko mata bayan an gama cewa ta sake shawara, ba ta son muryarta ta je birni. Hamdiya ta koma har gidan, ta goge aikin yini guda a gabanta. Ɗalibanta sun san in kana so ka ga ɓacin ran Dakta, to ka ɗauki muryar mutum bai sani ba. Takan ce musu muryar mutum kamar zanensa ce, ba a ɗauka sai ya miƙo.

A Fakku ne ta ji abin da ya tsaya mata a rai. Wata yarinya mai goyon fari, mai kunya irin ta Adda, ta yarda a bar rikoda a ɗakinta da rana.

"Aje abinki," in ji ta. "Ni mi nika ɓoyo?"

Da Hamdiya ta koma ofis ta saurara, sai ta ji duk lokacin da akwai mutane a ɗakin uwar ba ta ce wa yaron uffan, sai kaka da gwaggo ne ke ta yi masa wasa. Can aka ji kowa ya fita, ɗaki ya yi tsit. Sai ga muryar uwar ƙasa-ƙasa, siririya, tana hawa tana sauka irin yadda mata ke yi wa jarirai, tana kiran sunan yaron tana maimaitawa, yaron yana ƙyalƙyala dariya. Hamdiya ta cire abin sauraren daga kunnenta. Sai da ta koma Fakku ta sake neman izinin yarinyar kafin ta sa wannan a rubutunta, ba tare da suna ba. Amma tambayar da ta taso mata ba ta shiga rubutu ba: ita fa, ko Adda ta taɓa yi mata haka a bayan labule? Ba tambayar da ake yi wa uwa ba ce, kuma Ummu da za ta iya sani ta riga ta rasu.

Kada a ce Hamdiya ta raina al'adar. Abin da ta gani a gidajen da ta zauna shi ne inda uwa ta yi shiru, gida ne yake cike gurbin, kuma yaron da aka kewaye da masu magana bakinsa yana buɗewa. Abin da take yaƙi da shi shi ne a bar yaro shi kaɗai babu mai tanka masa, ko a ɗauki jinkiri a ce bebantaka ce a yi zuru. Ranar Asabar zaurenta na Tambuwal cika yake da iyaye. Yaron da ta ga alamar matsalar kunne ce, ta tura shi asibiti. Sauran ta koya wa iyayen su durƙusa daidai tsawon yaro, su nuna abu ɗaya, su faɗi sunansa, sannan su yi shiru su jira. Jiran nan shi ya fi ba manya wuya.

Ita kanta da ta haifi ɗanta na fari, Nasiruddeen, ta ci alwashin za ta kira shi da sunansa gaban kowa, ai ita 'yar boko ce. Ranar da ta buɗe baki za ta yi haka gaban surukarta, harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Sai ta ɓige da yi masa laƙabi, ta ce Malami, kuma Malami yake har yau. Tun daga ranar ta daina jin haushin Adda, amma ba ta daina jin ƙishin ba.

Wata safiya tana shirin shiga aji, ƙanenta Mu'awiya ya kira ta a waya daga Kebbe.

"Yaya, Inna ta faɗi wurin alwala. Bakinta ya karkace, ba ta magana. Ki taho."

Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jiki na dama ya shanye. Aka kwantar da ita a asibiti a Sakkwato, da ta ɗan farfaɗo aka mayar da ita gida. Likita ya ce magana tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, ya danganta da yadda aka dage da ita. Hamdiya ta ɗauki hutu ta tare a Kebbe, a ɗakin da aka haife ta.

Tana zaune bakin gado da hantsi tana fifita kunu, sai ta ji an ce, "Hamdiya."

Ta waiwaya ƙofa, ba kowa. Adda ce, idonta a kan kofin kunu, bakinta a karkace. Ta sake faɗa. Duk kalmomin duniya sun zube mata, wannan kaɗai ta rage. In tana son ruwa, Hamdiya. In ƙafa ta yi mata ciwo, Hamdiya. In Mu'awiya ya shigo gaishe ta, shi ma Hamdiya. Kuma ba da muryar tsohuwa take faɗa ba. Muryar siririya ce, tana hawa a tsakiya tana sauka a ƙarshe. Hamdiya ta ji wannan karin a bakin mata ba adadi, ta yi rubutu a kansa, ta koyar da shi a aji. Da shi ake kiran jariri in ɗaki ya yi tsit. Baki kuwa ba ya riƙe karin da bai saba da shi ba. Ta ajiye kofin, ta gane an ba ta amsar tambayar da ba ta taɓa yi ba.

Gida kuwa ya shiga wani hali. Tsofaffin da ke zuwa dubiya in suka ji, sai su rufe baki da mayafi suna salati, su fita suna girgiza kai. Safiyyatu, wadda ake misali da ita, yau ita ce ke kiran 'yar fari gaban jama'a. Maryama, ƙanwar Hamdiya, ta ja ta gefe tana hawaye.

"Wallahi Yaya, da Inna ta san abin da taka faɗi, da ba ta koma fitowa tsakar gidanga ba. Wagga ba ita ta ba. Ki yi wani abu, ke ad da ilimin."

Gaskiya Maryama ta faɗa, kuma gaskiyar ta yi wa Hamdiya ciwo. Abin da ta jira tun tana ƙarama ya zo, amma cuta ce ta kawo shi. Kuma ta san in Allah ya sa Adda ta warke, kunyarta za ta warke tare da ita.

Rikodar tana cikin jaka, rataye a ƙusa. Wata rana da kowa ya fita gona, ta sauko da ita, ta ɗora a kan cinyarta, babban yatsanta a kan maɓallin. Adda tana kallon rufin ɗaki tana ta kiran sunan a hankali. Dannawa ɗaya, shi ke nan ta mallake shi har ta mutu, ba wanda zai sani. Ta dubi fuskar tsohuwar, ta yi mata a zuci tambayar da take yi wa kowace uwa kafin ta kunna, kin yarda? Ba ta buƙatar amsa. Matar da ta ɓoye wannan murya tun tana yarinya ba za ta miƙo ta ba. Hamdiya ta mayar da rikodar cikin jaka, ta zauna ta saurara da kunnenta kawai.

Washegari ta fara aiki. Ta san tsohuwa ba yaro ba ce, kuma ta bi abin da likita ya ce, amma abin da hannunta ya saba shi ta yi. Ta durƙusa daidai fuskar Adda, ta ɗaga kofi, ta ce ruwa, ta yi shiru ta jira. Adda ta ce Hamdiya. Ta sake ɗagawa, ta sake faɗa, ta sake jira. Haka aka yi ta yi, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Akwai safiyar da Hamdiya ta tashi ta ji ba ta son yin darasin, ta ce a ranta a bar tsohuwa ta huta yau. Ta san ba don hutun tsohuwa ba ne. Ta yi istigfari, ta ɗauko kofin.

Bisimilla ce ta fara dawowa, a bakin kunu. Sai ruwa, sai zafi, sai fura. Sai sunan wata saniya da ta mutu tun Hamdiya tana firamare, wanda ya ba kowa dariya har da mai jinyar. Kowace kalma ta dawo, gida ya yi murna, kiran sunan kuma ya ragu. Da can ba ya ƙirguwa a yini, ya koma jefi-jefi, in ta gaji ko ta rasa kalma. Hamdiya tana lura, ita ce ma ta fi kowa lura, don aikinta ke nan. Ba ta san wanne ne zai zama na ƙarshe ba, shi ya sa duk wanda ya fito sai ta tsaya cak da abin da take yi.

Bayan an yanke gero, wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, aka fito da Adda inuwar rumfa ta sha iska. Dangi sun taru. Mu'awiya, wanda ba ya rabo da zolaya, ya durƙusa gabanta yana kwaikwayon yayarsa.

"Inna, ni wa na?"

Ta dube shi, bakinta ya yi ta kokawa, can ta ce, "Mu'awiya."

Ya nuna Maryama. Ta ce, "Maryama." Ya nuna jikoki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe tana tashi. Sai ya juya ya nuna Hamdiya, wadda ke tsaye jikin ginshiƙin rumfa.

"Wagga fa, Inna? Wa ta?"

Adda ta ɗaga ido ta dubi 'yarta, duban da ya fi na kullum daɗewa. Leɓenta ya motsa. Sai ta sa hannun hagu, mai lafiyar, ta jawo mayafi ta rufe baki, ta kau da kai wajen danga.

"Ta Tambuwal ta," in ji ta a hankali. "Kai ba ka da kunya?"

Maryama ce ta fara rangaɗa guɗa. Tsofaffi suka ɗaga hannu suna hamdala, Safiyyatu ta dawo, Safiyyatu ta dawo. Suka yi ta sa wa Hamdiya albarka, suna cewa karatunta ya yi rana. Ta amsa da amin, ta yi hamdala tare da su, kuma har zuciyarta ta yi ta. Sannan ta zame ta zaga bayan rumbu, ta dafa shi ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da Mu'awiya ya kira ta.

Da hutunta ya ƙare, ta haɗa kaya. Mai babur yana jira a ƙofar gida zai kai ta tasha. Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta yi sallama. Adda tana zaune bakin gado, Maryama na gefenta tana taje mata kai. Tsohuwar ba ta dubi wadda ke durƙushe gabanta ba, Maryama ta duba.

"Akwai man shanu cikin ƙwarya, ki ba ta," in ji ta, tana jan kalmomin ɗaya-ɗaya. "Ki ce ma ta Tambuwal Allah shi kai ta lafiya."

"Amin, Adda," in ji Hamdiya.

Ta karɓi man shanun, ta sa a jaka kusa da rikoda, ta fita.